"To, sai me?": Malamina ya ja layi a ƙasan kammalawar muƙalata

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki.

Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta jami'a. An ba mu aikin muƙala mai shafi biyar a kan nazarin balagar wani jawabi, ni kuma na zaɓi wanda Nelson Mandela ya yi a gaban kotu a 1964, lokacin shari'ar Rivonia a Afirka ta Kudu. Na miƙa daftarin farko, malaminmu ya duba ya dawo mini da shi don in gyara. A gefen sakin layukan tsakiya ya rubuta "da kyau" har sau uku. Da ya iso kammalawa kuwa sai ya ja dogon layi a ƙasanta ya rubuta: "Duk wannan kin faɗa a gabatarwa. To, sai me?" Ga abin da na rubuta ɗin:

"A ƙarshe, kamar yadda muka gani, Mandela ya yi amfani da itos da fatos da logos wajen shawo kan masu sauraronsa. Ya nuna mutuncinsa, ya kawo hujjoji, ya kuma sosa zukata. Wannan jawabi ne ya cece shi daga rataya, kuma har gobe duniya ba za ta manta da shi ba. Ya kamata mu duka mu yi koyi da shi, mu yaƙi zalunci a duk inda yake."

Malam, na sake rubuta ta sau biyar, kullum abu ɗaya take komawa, kalmomi kawai nake sauyawa. A sakandare an koya mana cewa kammalawa maimaita gabatarwa ce da wasu kalmomi, kuma ba a kawo sabon abu a cikinta. Yanzu na bi dokar an ce ban yi ba. Wata ƙawata ta ce in rufe da jimlar Mandela ta ƙarshe, wata ta ce in rufe da tambaya. Saura kwana shida a karɓi aikin, kunya nake ji in je ofishin malamin, har na fara zargin ko ni ce ban iya rubutu ba.

Ɗaliba mai neman mafita

Wa alaikumus salam 'yata.

Bari in fara kawar da zargin nan, don ba shi da wurin zama. Wanda bai iya rubutu ba ba ya samun "da kyau" uku a shafi biyar, kuma malami ba ya ɓata tawadarsa wajen tambayar "to, sai me?" sai ga ɗalibin da yake ganin akwai amsa a bakinsa. Sauran, alamar kuskure kawai yake yi musu ya wuce.

Yanzu mu ɗauki kammalawar taki mu kwance ta. Ki cire sunan Mandela daga jimlar farko ki sa sunan duk mai jawabin da kika ga dama: shugaban ƙasa, lauya, mai wa'azi, har mai tallar sabulu a rediyo. Jimlar ba ta zama ƙarya ba, ko? To wannan ita ce cutarta. Aristotal, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, da ya kawo waɗannan hanyoyi uku, wato mutuncin mai magana (itos) da motsa zuciyar mai sauraro (fatos) da hujjar hankali (logos), cewa ya yi su ne hanyoyin da magana ke bi ta gamsar, kowace magana. Don haka ɗalibin da ya gama bincike ya dawo ya ce ya samu ukun a jawabi, kamar likita ne da ya duba majiyyaci rabin awa ya rubuta cewa yana da kai da ƙirji da ƙafafu. Gaskiya ne, amma ba abin da ya kawo majiyyacin asibiti ba ke nan.

Inda gizo ke saƙa kuwa, a kalmomi biyu ne da kika rubuta kika wuce su da gudu: "masu sauraronsa". Su waye? Ki tsaya nan, domin ina ganin duk amsar da malaminki ke nema tana binne a ƙarƙashinsu.

Ranar 20 ga Afrilu 1964, a kotun Pretoria, mutumin da ke da ikon yanke hukunci ɗaya ne, alƙali Quartus de Wet, kuma laifin da ake tuhumar Mandela da abokan gwagwarmayarsa da shi yana iya kai mutum ga igiya. Mandela lauya ne, ya yi aikin lauya shekaru a Johannesburg tare da Oliver Tambo, shi da kansa ya buɗe jawabin da wannan bayani. Ya san sarai cewa maganar da wanda ake tuhuma ya yi daga akwatinsa, ba tare da rantsuwa ba, ba tare da mai gabatar da ƙara ya yi masa tambayoyi ba, ba ta da nauyin shaida a ma'aunin kotu. Duk da haka ita ya zaɓa, domin ita ce za ta bar shi ya yi magana kusan awa uku ba wanda ya katse shi. Sannan bai musanta babban laifin ba. Ya ce da bakinsa ya tsara ayyukan ɓarnata kayan gwamnati, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Umkhonto we Sizwe, reshen jam'iyyar ANC mai ɗauke da makami, a 1961. Mutumin da burinsa alƙali ya wanke shi ba ya yin haka. In kuwa kin nace cewa alƙali ne mai sauraro kuma wankewa ce manufa, to jawabin ya faɗi ƙasa warwas, domin ranar 11 ga Yuni an same shi da laifi, washegari aka yanke masa ɗaurin rai da rai tare da mutum bakwai.

Ashe akwai wasu kunnuwa a bayan na alƙali. Akwai baƙar fatar ƙasar, waɗanda aka haramta jam'iyyarsu ta ANC a 1960, shekarar da 'yan sanda suka kashe mutum 69 a Sharpeville, suna jiran su ji ko shugabanninsu za su sunkuya. Akwai farar fatar da aka cusa wa tsoron cewa mulkin masu rinjaye ramuwar gayya ce. Akwai kuma gwamnatocin Yamma, a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, waɗanda gwamnatin Afirka ta Kudu ke ta gaya wa cewa waɗannan mutane 'yan gurguzu ne. Da kin sa waɗannan a gabanki, wurare da yawa na jawabin da suke kamar ratse sai su zauna daram. Me ya kawo yabon Magna Carta, tsohuwar takardar Ingila da ta taƙaita ikon sarki, da majalisar dokokin Birtaniya a bakin mutumin da ake tuhuma da ɓarna? Me ya sa da ya zo batun haɗin kansu da jam'iyyar gurguzu ya tuna wa kotu cewa Birtaniya da Amurka ma sun haɗa kai da Tarayyar Sobiyet suka yaƙi Hitler, ba wanda ya ce sun koma gurguzu? De Wet ba ya buƙatar wannan. London da Washington ake aika wa saƙon.

Jimlarki ta uku ita ce ta fi ba ni tsoro, kuma na yi mamakin da malaminki bai sa mata jan biro ba. "Wannan jawabi ne ya cece shi daga rataya." Da me za ki tabbatar? Rubutun jawabin ba zai iya ba ki wannan ba, komai yawan karanta shi. Ranar 9 ga Yuni 1964, kwana uku kafin hukunci, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 190 yana kiran Afirka ta Kudu ta dakatar da shari'ar ta yi afuwa. Shi kansa alƙalin dalilin da ya bayar daban ne: ya ce laifin a haƙiƙa cin amanar ƙasa ne, amma tun da gwamnati ba ta shigar da ƙarar da wannan suna ba, ya yanke shawarar ba zai zartar da hukuncin kisa ba. Wataƙila jawabin ya taimaka, ni ma ina jin haka. Amma "ina jin haka" da "shi ne ya cece shi" tsakaninsu akwai tafiyar kwanaki. Ɗalibai suna yawan yin wannan a layukan ƙarshe: suna jin kammalawa na son babbar magana, sai su ɗauko wadda ta fi ƙarfin abin da suka gina, su ɗora ta a kai.

Ta huɗu kuma wa'azi ce. Ban ƙi ta ba, zalunci abin yaƙa ne. Sai dai shafi huɗu da rabi kina zaune a kujerar mai nazari, kina nuna mana yadda aka ƙera maganar, a layin ƙarshe sai kika tashi kika koma cikin 'yan kallo kina tafi. Abin ya ɗan ba ni dariya, don ba ki ankara ba kin zama shaidar cewa jawabin yana aiki bayan shekara sittin. Amma ra'ayinki a kan wariyar launin fata ba shi aka tambaye ki ba. Tambayar ita ce yadda mutumin nan ya sarrafa harshe a wannan rana.

Malamin sakandarenki bai yaudare ki ba, rabin zancen ya ba ki. Dokar maimaitawa tsohuwa ce, kuma tana da dalili. Aristotal ya lissafa ayyuka huɗu na rufe jawabi: ka jawo masu sauraro gefenka ka nisanta su da abokin hamayya, ka girmama abin da ya dace ko ka ƙanƙanta shi, ka motsa zukata, ka tunatar da abin da aka faɗa. Sisero, mashahurin mai jawabi na tsohuwar Rum, shi ma ya sa taƙaita hujjoji cikin sassan rufewa. To amma su da mai sauraro suke, mutumin da ya yi awa yana tsaye a dandali ko zaune a kotu, ba shi da yadda zai juya shafi baya ya ga abin da ya wuce shi. Mai karanta shafi biyar kuwa minti goma da suka wuce ya karanta gabatarwarki, tana nan a hannunsa. Tunatarwar da yake buƙata ba ta wuce jimla ɗaya ba, wani lokaci ma rabin jimla.

Ita kuma dokar "kada a kawo sabon abu", sabuwar hujja take nufi. Kada ki ɗauko wani yanki na jawabin da ba ki taɓa ba a cikin muƙalar ki jefa shi a sakin layin ƙarshe, inda ba sauran filin da za ki warware shi. Sabon tunani kuwa, wanda hujjojin da kika riga kika shimfiɗa suka haifa, ai saboda shi aka ware wurin. Abin dariyar, shi Aristotal ɗin ya rufe littafinsa na balaga da misalin rufewa mai kalmomi huɗu kacal a Girkanci, ma'anarsu: na faɗa, kun ji, abin yana hannunku, ku yanke hukunci. Shi mai jawabi ne, yana da damar bar wa wasu hukuncin. A muƙalar nazari ke ce alƙali, kuma kin tashi kotu ba ki yanke ba.

Da wane ma'auni za ki yanke? Malaman balagar Larabci sun ba da ma'anar da har yau ban ga wadda ta fi ta amfani ga ɗalibi ba: balagar magana ita ce dacewarta da abin da hali ke buƙata, tare da fasaharta. Haka Ƙazwini, wanda ya rasu a 1338, ya ajiye ta. A 1968 wani masani ɗan Amurka, Lloyd Bitzer, ya zo da kusan wannan tunani ta wata ƙofa: kowane jawabi amsa ce ga wata larura da ta taso, ga wasu mutane da ke da ikon yin wani abu a kanta, cikin wasu ƙaidodi da suka ɗaure mai maganar. Ki haɗa biyun za ki ga tambayar da kammalawarki za ta amsa: wannan magana ta dace da halin da aka yi ta a ciki? Ga wa ta dace? Me mai maganar ya sadaukar don ya samu hakan? Tambayar ƙarshen nan ɗalibai ba sa yin ta, don suna ɗauka nazari yabo ne. Kowane zaɓi na balaga yana da farashi. Abin da ya kwantar wa wani hankali yana iya ɓata wa wani rai.

Yanzu ga dalilin da ya sa kika sake rubutawa sau biyar ba ki motsa ba. Inda ruwa ke ɗiga a tsakar ɗaki ba lallai nan ɓular rufin take ba. Ban ga gabatarwarki ba, amma tun da malaminki ya ce abu ɗaya suka faɗa, zan iya rantsuwa cewa jigon muƙalarki shi ne "Mandela ya yi amfani da itos da fatos da logos". Jigon da ba wanda zai iya jayayya da shi ba ya haifar da kammalawa, domin ba a yi wata tafiya ba balle a iso wani wuri. Kina ta goge ƙasa, ruwan kuwa daga can sama yake zuwa.

Saboda haka yau ki rufe shafin ƙarshe, kada ki ko kalle shi. Ki koma wuraren nan uku da aka rubuta "da kyau". Ki ɗauki farar takarda, daga kowane sakin layi ki fitar da jimla ɗaya da ke faɗin abin da Mandela ya aikata da abin da hakan ya yi wa mai sauraro, amma na hana ki kalmomin nan uku na Girkanci. Maimakon "ya yi amfani da logos", sai ki sami kanki kina rubuta wani abu kamar: ya lissafa hanyoyin tashin hankali huɗu da ke gabansu, ɓarnata kaya da yaƙin sunƙuru da ta'addanci da juyin juya hali a fili, ya nuna sun zaɓi na farko don ba ya cin rai, ta haka ya mai da amsa laifi ya zama shaidar kamun kai. Kin ga bambancin? Wannan jimla ba za ta zauna a kan mai tallar sabulu ba. Idan kin jera jimlolin uku, ki tambaye su abin da suke faɗa a haɗe wanda ba ɗaya daga cikinsu da ta faɗa ita kaɗai. Abin da ya fito, shi ne ƙashin bayan kammalawarki.

Ki kuma duba jeri, don ɗalibai kan ware dabarun kamar kayan da aka zube a tire, alhali mai magana a lokaci yake tafiya, abu na bin abu. Kusan duk tsawon jawabin nan muryar lauya ce: shekaru, sunayen taruka, tarihin ANC tun 1912, shekarun da aka kwashe ana koke cikin lumana, sannan alƙaluman talauci da na ilimi da dokar takardar izinin zirga-zirga. Sai a 'yan jimlolin ƙarshe ya ajiye takarda ya dubi alƙali ya ce ya yaƙi danniyar farar fata, ya kuma yaƙi danniyar baƙar fata, kuma al'umma mai 'yanci da daidaito buri ne da yake fatan rayuwa dominsa, amma in ta kama, a shirye yake ya mutu dominsa. Da da wannan ya fara, da an ce mai zafin kai ne. Awannin sanyin da suka gabata su suka saya masa damar faɗinta. Wannan ita ce irin lurar da ke haɗa itos ɗinki da logos ɗinki da fatos ɗinki su zama abu ɗaya mai motsi.

Akwai ƙaramin abu a jimlar nan da nake so ƙwarai. Lauyoyinsa sun tsorata da ita, suna ganin tamkar gayyatar alƙali ce ya rataye shi. George Bizos, ɗaya daga cikinsu, shi ya ba da shawarar a saka ɗan sharaɗin nan da na fassara da "in ta kama". Kalmomi uku ne a Turancin. Da su jimla ɗaya ta yi magana da mutum biyu: magoya baya suka ji wanda bai sunkuya ba, alƙali kuma aka bar masa ƙofa, ba a ce masa an zaɓi mutuwa ba. Idan wannan yana cikin muƙalarki, kina da wurin da za ki sauka. Idan ba ya ciki kuma kina son sa, ki buɗe masa wuri a tsakiya ki yi masa bayani a can, sannan kammalawa ta waiwaye shi.

Ga misalin yadda abin zai iya kamawa, don ki ga siffar kawai:

"Mandela ya shiga kotu ya san shari'ar ta kuɓuce, sai ya sayar da abin da ya rage masa na kariyar doka ya sayi awa uku na magana ba katsewa. Ya amsa laifin don ya samu ikon bayyana dalilinsa, ya yi doguwar magana da sanyin lauya don jimlarsa ta ƙarshe ta fito a matsayin hukuncin mai hankali. A gaban alƙali wannan bai hana a same shi da laifi ba, kuma ya sa wuyansa cikin haɗarin da sharaɗi ɗaya tak ya rage. Ga waɗanda ke wajen kotun kuwa, ya sauya tambayar da ake yi, daga ko ya karya doka zuwa wace irin doka ce ta bar wa mutum irinsa wannan hanya kaɗai."

Kada ki kwafe ta. Ba don tsoron kamu kaɗai ba, ko da yake shi ma dalili ne. Na gina ta ne a kan abin da ni na gani a jawabin, ke kuma muƙalarki a kan abin da kika gani take tsaye, in kika ɗora kan wani a jikinta ɗinkin zai fito. Abin lura a cikinta shi ne ba ta ambaci kalmomin Girkancin ba ko sau ɗaya, amma duk ukun suna ciki suna aiki. Ta faɗi inda jawabin bai ci nasara ba. Ba ta yi iƙirarin abin da rubutun ba zai iya tabbatarwa ba. Kuma mutum zai iya tashi ya ce bai yarda ba, ya ce ai Mandela bai fid da rai da alƙali haka ba, ya kawo hujjarsa. In kammalawarki ta kai inda za a iya yi mata irin wannan gardama, kin amsa "to, sai me?".

Daga nan akwai aikin da ba ki tambaye ni ba amma dole ne. Da zarar kin samu wannan hukunci, za ki ga gabatarwarki ta tsufa. Ki koma ki gyara jigon ya nuna inda aka dosa, misali cewa jawabin an gina shi ne don kunnuwa fiye da na alƙali, ki bar cikakken hukuncin da farashinsa sai ƙarshe. Kada wannan ya dame ki. Yawancin masu rubutu sai sun kai ƙarshen daftari suke gane abin da suke son faɗa, gabatarwa ce ake rubutawa daga baya. Wataƙila ma jimlolin farko na wasu sakin layukan tsakiya su buƙaci taɓawa kaɗan don su fuskanci sabuwar alƙiblar. Aikin yini ɗaya ne.

Shawarar ƙawayenki kuwa, a gaishe su, amma a'a. Jimlar Mandela ta ƙarshe ta fi ƙarfin duk abin da ni da ke za mu rubuta, in kika rufe da ita za ta haɗiye ki, mai karatu ya tashi da muryarsa a kunne ya manta akwai wadda ta yi nazari. Wurinta tsakiya, inda za ki feɗe ta. Rufewa da tambaya kuma, malaminki tambaya ya yi miki, kada ki mayar masa da wata. "A ƙarshe, kamar yadda muka gani" ma ki share ta. Ƙazwinin nan ya ce wurare uku mai magana ya kamata ya fi ƙawatawa, farko da mahaɗa da ƙarshe, kuma mafi kyawun ƙarshe shi ne wanda da kansa yake sanar da cewa magana ta ƙare. In sai kin ɗaga allo kin rubuta "ga ƙarshe nan", to sakin layin bai yi aikinsa ba. Game da tsawo, a muƙala mai shafi biyar sakin layi ɗaya ya isa, jimla huɗu zuwa bakwai.

In kin gama, ki sami ɗaya daga cikin ƙawayen nan, wadda ba ta karanta muƙalar ba, ki karanta mata gabatarwa da kammalawa a jere, da murya, ki tsallake tsakiyar. Ki tambaye ta me ta ji a na biyu da babu a na farko. In ta yi shiru, da sauran aiki. In ta ce "to ta yaya kika kai nan?", madalla, amsar tana cikin shafukan da kika tsallake.

Batun ofis: ki je, amma ba hannu rabbana ba kina cewa "Malam ban gane ba". Ki je a kwana na uku, bayan kin yi aikin farar takardar nan, da jimlolinki uku da sabon hukuncin a rubuce. Ki nuna masa ki ce: "Malam, wannan ne abin da nake ganin muƙalar ta tabbatar, hujjojina sun ɗauke shi ko na zarce?" Minti biyar zai ba ki amsa, kuma za ki fito da sauran kwana uku a hannu. Ki tafi da daftarin farkon ma, wanda ya ja wa layin, don zai so ya ga daga inda kika taso.